Hanjin Ɗan Akuya a Tukunyar Gwaggo

Gidanmu gidan fawa ne. Kakana mahauci ne, Baba ma haka, a wani ƙauye tsakanin Makoda da Kunci, inda gonar wani ke farawa daga bayan dangar wani. Tun ina 'yar shekara bakwai nake wanke hanji. Ran kasuwa Baba zai aiko da kayan ciki a daro, mu zauna bakin rijiya ni da Gwaggo, ƙanwarsa da ta dawo gida bayan rasuwar mijinta. Ita za ta ɗura ruwa ta baki ɗaya, ni in bi da yatsu ina tatsewa har ƙarshe, sannan ta sa siririn kara ta juya hanjin, cikinsa ya koma waje. Ƙarnin ba ya barin hannu ko an wanke da toka. Da na tafi makarantar kwana, sai na riƙa cewa babana ɗan kasuwa ne, ban taɓa faɗin abin da yake sayarwa ba.

Na yi digirin farko a Kano a fannin sinadaran jikin halitta, na koma yin na biyu. Malamar da aka ba ni ta duba aikina farfesa ce, doguwar mace mai magana a hankali, wadda ta ƙare ƙuruciyarta tana binciken hanjin jarirai. Ranar farko ta zana mini abin a allo. A saman kowace ƙoda akwai wani ɗan ƙulli kamar ƙwayar wake. Na san shi, don a gidanmu cikin kitse ake barin sa. Shi ke zuba wani sinadari a jini mai suna kotizol, ɗaya daga cikin 'yan aiken jiki da ake kira homon. Cikin ayyukansa har da sanar da hanjin jariri cewa ya girma, ya shirya karɓar wani abinci bayan nono. Sai dai hanjin ba ya karɓar saƙon yadda ya zo. A fatar cikinsa akwai wasu sinadarai masu sarrafa wasu, ana ce musu enzayim. Ɗaya yana ƙara wa kotizol ƙarfi, ɗaya yana dakushe shi. Su kuma homon ɗin suna da hannu wajen yawan waɗannan enzayim. Aikina shi ne in auna yadda suke sauyawa daga lokacin shan nono zuwa bayan yaye.

A kan ɓeraye aka saba yin irin wannan aiki, amma a shekarar ɓerayen sashenmu sun yi ƙaranci, ɗalibai kuma suna layi a kansu. Na ce mata ko za a yi da 'yan awaki.

Ta cire tabarau ta dube ni. "Ina za ki samu hanjin ɗan akuya da ɗuminsa, na kowane wata?"

"Babana mahauci ne," na ce.

Wannan ne karo na farko da na faɗi haka a cikin makaranta. Ta ce, "To, kin fi mu kayan aiki."

Da na je wa Baba da maganar, yana zaune a zaure yana wasa wuƙa. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Shekara goma sha nawa kina karatu don ki rabu da hanji, ashe zagaye kika yi." Ya yi dariya mai isarsa. Washegari a mayanka ya kira ni ya buɗe cikin wani taure, ya nuna mini tumbi cike da ciyawa. Ya ce ɗan akuya mai shan nono tumbinsa ɗan mitsitsi ne, fayau, nonon wucewa yake yi can ƙasa inda yake daskarewa kamar cuku. Sai ya fara taɓa harawa da dusa sannan tumbin ke buɗewa, hanjin ma ya sake kauri a hannu. Duk abin da na karanta a babi guda ya faɗe shi yana fiɗa, bai ɗago kai ba.

"Waɗanda aka yaye za ki samu kowace kasuwa," ya ce. "Amma mai shan nono ba a yanka shi, sai in wani abu ya same shi ana gudun ya yi mushe. Kuma ba zan yanka lafiyayye don takardarki ba."

Na ce ni ma ba zan so haka ba.

Na fara da masu sauƙin. Ran kasuwa zan baro Kano da sassafe, in tsaya a Makoda wurin wani mai shago da ke da firiza mai aiki da hasken rana, in cika kulata da ƙanƙara, in hau babur zuwa gida. Da Baba ya yanka, zan yanki hanjin wuri uku, kusa da tumbi da tsakiya da can ƙarshe, in ɗauraye da ruwan gishiri mai sanyi, in ƙulle kowanne a leda da 'yar takardarsa, in binne a ƙanƙara. Dole ya isa ɗakin gwaji a ranar, don enzayim ba ya jure zafi. Duk wannan lokaci Gwaggo ba ta gari. Ta tafi wajen Dawakin Tofa zaman jegon 'yarta, zaman kuma ya yi tsawo saboda jaririn bai zo da ƙwari ba.

Wata biyu ina jira, sai ranar wata Talata da hantsi Baba ya kira ni. Saniyar amalanke ta taka wani ɗan akuyar maƙwabta, bayansa ya karye. Yana numfashi, in na iso kafin azahar za a jira ni. Ban ma koma ɗaki na ɗauki mayafin kirki ba. Na iso, aka yanka, na yanki guntayena uku. Hanjin siriri ne, fari, mai laushi kamar auduga. Sauran naman da kayan cikin aka mayar wa mai shi.

Ba ranar kasuwa ba ce, babu mota sai bayan la'asar. Ɗakin Gwaggo ya fi ko'ina sanyi a gidan, ginin ƙasa ne mai rufin azara, don haka na tura kular bayan ƙofa. Inna ta gaya mini Gwaggo ta dawo jiya, ta shiga maƙwabta gaishe-gaishe. Na ce bari ni ma in leƙa wata ƙawata da ta haihu kafin ta dawo. Hira ta yi daɗi, na daɗe.

Tun daga zaure na jiyo ƙamshin citta da kanumfari. Gwaggo na tsakar gida a kan kujera 'yar tsugunno, ta rungume ni, ta ce na rame, ta turo mini ɗan kwano. Farfesu ne, romo ja da 'yan guntayen hanji a ciki. Rabona da abinci tun shayin safe. Na cinye, na shanye romon, na ce, "Gwaggo, har yau babu mai hannunki."

"Ba hannuna ba ne, kayan ne masu kyau," ta ce. "Ban taɓa ganin hanji mai laushin wannan ba. Ga shi kin wanke tas, har gishiri kin sa. Sai dai kin yi rowa, loma uku ne duka. Shi ya sa na ce ke za ki ci abinki."

Na ajiye kwanon. "Wane hanji?"

"Na cikin kularki mana. Har da 'yan takardu a jiki. Ƙanƙarar kuwa na juye a randa, ɗebo ki sha ki ji."

Na tashi na shiga ɗakin. Kular na kife a gefe, an wanke ta, tana tsanewa. Na zauna a bakin gado na fashe da kuka kamar yarinya. Inna ta shigo da gudu, ta ji abin da ya faru, ta aika a kira Baba. Da ya zo aka mayar masa, ya tambaye ni, "Wa ya ci?" Na ce ni. Ya juya ya fuskanci bango, kafaɗunsa na girgiza. Ya yi ƙoƙari ya daure, ya kasa, ya fita zaure, muna jin sa daga can.

Gwaggo ba ta yi dariya ba. Haushi ta ji. Ta ce tunda take ba ta taɓa ganin an sa aikin makaranta a kular abinci ba, kuma duk abin da aka ajiye a ɗakin mutum ba a yi masa bayani ba, tsarabarsa ce. Ta shige ɗaki ta saki labule. Ni ma na fasa komawa Kano a ranar, don ban san abin da zan gaya wa Farfesa ba.

Da safe ina shara ta fito ta karɓe tsintsiyar ta jingine. "Zauna ki gaya mini abin da na dafa."

Na yi mata bayani da abin da ta sani. Na ce in za a yaye yaro, ai ba rana ɗaya ake ɗora shi a kan tuwo ba, sai cikinsa ya yarda. To akwai abin da ke zuwa ta jini yana gaya wa cikin ya shirya, akwai kuma waɗanda ke zaune a cikin hanjin suna ƙara wa saƙon ƙarfi ko su rage. Su nake son in auna a kowane mataki na girma. Na ce shi ya sa na jiya ya yi mini zafi, don ba ni da ko ɗaya mai ƙanƙantarsa, ɗan wajen mako biyu.

"Wa ya ce miki mako biyu?"

"Baba."

"Kwanansa goma sha ɗaya. Ranar sunan jikar mai unguwa aka haife shi, mai akuyar ta gaya mini jiya. Tagwaye ne, macen na nan." Ta gyara zama. "Su waɗancan da kika riga kika kai, wa ya gaya miki watanninsu?"

Na ce Baba ne yake duba haƙori ya ƙiyasta.

Ta yi tsaki a hankali. Ta ce namiji ba ya sanin akuya sai ranar da za a kai ta kasuwa. Awakin ƙauyen nan kaf na mata ne. Su suka san ranar da kowace ta haihu, da ranar da ɗanta ya fara tsinkar ganye, da wadda nononta ya ƙafe da wuri. Ta ce in je in ɗauko littafina da biro.

Kwana uku muka yi muna shiga gida-gida. Gwaggo na gaba, ina biye. A kowane gida sai an gaisa, an tambayi jego da jariri, an ba mu ruwa, sannan ta kawo maganar awaki. Labarin farfesun ya riga mu zuwa ko'ina, don Baba bai bar kowa bai ji ba, saboda haka da dariya ake tarbar mu, ana tambayata ko binciken ya yi gishiri. Wannan dariyar ce ta buɗe mana ƙofofi. Na rubuta duk akuya mai ciki da duk ɗan da ke shan nono. Babu mai faɗin kwanan wata. Za a ce ranar ruwan shuka na biyu, ko washegarin da aka kai amarya gidan liman, ko Juma'ar da aka gyara famfo. Gwaggo za ta lissafa da yatsu ta ba ni rana, in duba kalandar wayata, kuma da wuya ta kuskure. Ita ta kawo dabarar ɗaura wa kowane ɗan akuya zare mai launi a wuya don kada su rikice mini.

Da na koma na ba Farfesa labari, na fara da mummunan. Ta toshe baki da hannu tana danne dariya. Sannan na ajiye mata littafin. Ta bi shafi-shafi, ta ce wannan ya fi guntaye ukun da aka rasa daraja, domin yanzu za mu iya ɗibar jinin 'yan awakin da ransu, mako bayan mako, mu bi yadda kotizol ke tafiya, duk wanda kuma ƙaddara ta kai shi wuƙa mun san kwanakinsa daidai.

Ɗibar jinin ta so ta ba mu wuya. Wata tsohuwa mai awaki da yawa ta ce ita ba a taɓa mata jinin dabba, ba ta san inda za a kai shi ba. Ba mu matsa mata ba. Na nemo ma'aikacin lafiyar dabbobi daga Kunci, wanda suka saba da shi, ya zama shi ke ɗiba, yana kuma duba sauran awakin gidan ya ba su maganin tsutsa. Sai wata matsalar ta taso. Kotizol tashi yake yi in dabba ta firgita, 'yan awakin kuwa da sun ga baƙo sai guje-guje da kuka. Gwaggo ta ce mu daina shiga mu uku. Mai akuyar za ta fara zama ta ɗora shi a cinya kamar mai yi masa susa, uwarsa na ɗaure kusa tana cin dusa, sannan malamin ya zo ta baya ba magana. Kullum kuma da hantsi, lokaci ɗaya. Haka muka yi, aka daina kokawa. Bayan wata guda tsohuwar nan ta aiko da kanta, ta ce me ya sa ake tsallake gidanta.

Baba ma ya koyi yankan wuri uku. Na bar musu kula ta biyu da ledoji da ruwan gishiri, Gwaggo ta ɗaure murfin da jan ƙyalle, ta hana kowa taɓawa. Ana cikin damina zazzaɓi ya kwantar da ni a Kano, a makon kuma kare ya yi wa wani ɗan akuya mai kwana ashirin rauni. Baba ya kira, na ce ba zan iya tashi ba, a bar shi kawai. Ya ce to. Bayan azahar sai ga wayar wata abokiyar karatuna, wai in daure in zo ɗakin gwaji, ina da baƙuwa.

Gwaggo ce, da mayafinta na zuwa biki, zaune a kan doguwar kujerar ɗalibai, kular na kan cinyarta. Ita ta je Makoda ta sayo ƙanƙara, Baba ya yanka, ta shigo mota. Ta ce yaron motar ya so ya jefa kular a but tare da buhunan gyaɗa, ta ce masa in ya taɓa ta sai dai motar ta kwana a nan. Daga tasha ta hau adaidaita, ta riƙa tambaya ƙofa-ƙofa inda ake aikin hanji, har aka kawo ta. Ta ƙi miƙa wa kowa sai ni.

Farfesa ta fito daga ofis ta gaishe ta har da rusunawa. Ta ce, "Hajiya, ke ce mai farfesun?"

"Ni ce," in ji Gwaggo. "Yau dai ɗanye na kawo."

Aka ba ta farar riga ta ɗora a kan kayanta, ta tsaya tana kallon abokiyar karatuna na ƙoƙarin tsaga hanjin da almakashi don ta kankare fatar ciki. Hanjin siriri ne, yana ta yagewa. Gwaggo ta yi haƙuri har ta gaji, ta ce, "'Yata, ba haka ake yi ba. Ba ku da kara?" Aka miƙo mata wani siririn sandan gilashi. Ta sa safar hannu, ta tura bakin hanjin ciki, ta zare, ya juye gaba ɗaya a kan ƙanƙara ba tare da ya yage ba. Ɗaliban da ke wurin suka matso. Farfesa ta sa ta maimaita sau biyu a hankali. Tun daga ranar haka ake yi a ɗakin, ni kuwa na ji kunya, don da idona na yi shekaru ina kallon wannan juyi a bakin rijiya, ban taɓa kawo shi nan ba.

Aikin ya ɗauki shekara da 'yan watanni. Abin da na samu bai kai yadda na yi mafarki ba. Na ga enzayim ɗin da ke dakushe kotizol ya fi yawa a can ƙarshen hanji, na kuma ga bambanci tsakanin masu shan nono zalla da waɗanda suka fara ciyawa. Amma ƙananan da na samu ba su da yawan da zan ce ga dalili, ko homon ne ya fara motsawa ko abincin ne. Na rubuta haka a fili, masu jarrabawa suka yarda, na ci.

Gwaggo ta ce ba a gama ba. Matan da suka ba da awakinsu suna da hakkin su ji. Ta tara su a tsakar gidanmu ranar wata Asabar bayan la'asar, an shimfiɗa tabarmi, Inna ta soya ƙosai. Na tsaya gabansu na fi jin tsoro a kan ranar jarrabawa. Na yi bayanin ɗan ƙullin saman ƙoda, da saƙon da yake aikawa, da masu ƙara masa ƙarfi da masu ragewa. Tsohuwar nan da ta fara ƙin mu ta ɗaga hannu kamar 'yar aji.

"Shi ƙullin wa ke gaya masa lokaci ya yi?"

Na ce akwai wani a ƙarƙashin ƙwaƙwalwa da ke aika masa.

"Shi kuma fa?"

Na ce ƙwaƙwalwar ce.

"To ita wa ke gaya mata?"

Na ce nan karatuna ya tsaya. Ta gyaɗa kai, ta ce da ma ta san akwai saura, in koma in ƙaro. Wata matashiya mai goyo ta tambaya ko binciken ya nuna watan da ya kamata ta yaye ɗanta. Na ce a'a, awaki na auna, na yaro sai ta bi maganar asibiti. Gwaggo ta ce kowa ya ji, kada wata ta je ta ce an ce a ba jariri harawa.

Da za su watse sai tsohuwar ta aika gida aka jawo wata 'yar akuya ja mai farin goshi, wata huɗu da haihuwa. Ta ce sun haɗa baki ne, tawa ce, tunda duk wannan shekara ina rubuta awakin mutane ba ni da ko ɗaya. Na ce a Kano ɗaki ɗaya gare ni a bene. Suka ce wannan ba matsalarsu ba ce. Baba ya leƙo daga zaure ya kama ta ya taɓa ƙirjinta da bayanta yadda ya saba, Gwaggo ta buge masa hannu, ta karɓi igiyar ta kai ta turken bayan ɗakinta. A can take har yanzu. Bara ta haifi tagwaye, Gwaggo ta kira ni ina tsakiyar koyar da aji, ta ce in rubuta ranar.